Labarin da Mutum Biyar Suka Haifa, Mutum Ɗaya Ya Rubuta

Akwai wani irin rubutu da ya yawaita tun da intanet ta ba kowa filin baza hajarsa. Abokai su zauna a kan tebur su yi wasan taka rawar jaruman labari na awa uku ko huɗu, washegari ɗaya daga cikinsu ya ɗauki abin da ya faru ya mayar da shi labari, da babi da taken babi, kamar littafin ƙagaggen labari. Ina son wannan rubutu, ina karanta shi, kuma ina so a ci gaba da yin sa. Sai dai ina da ƙorafi a kan yadda da yawa daga masu yin sa suke tafiyar da shi, kuma ƙorafin nawa ya shafi amana fiye da yadda ya shafi iya sarrafa alƙalami.

Ga wanda bai taɓa zama a irin wannan tebur ba, ga yadda abin yake. Kowane ɗan wasa yana da jarumi guda da ya ƙirƙira da kansa, an rubuta ƙarfinsa da wayonsa da makamansa a takarda. Mutum ɗaya shi ne jagora. Shi ke bayyana duniyar, ya ce ga ku a bakin wani tsohon gari da mutanensa suka watse, rana ta kusa faɗuwa, me za ku yi? Kowa ya faɗi abin da jaruminsa zai aikata. In abin yana da haɗari, ko ba a san yadda zai kaya ba, sai a jefa dayis, wato ƙwayar nan mai lambobi irin ta wasan ludo. A Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, kuma har yau babu wanda ya kai shi shahara, dayis mai fuska 20 shi ne babban alƙali: lamba mai yawa nasara, ƙarama kuwa faɗuwa. Babu wanda ya san inda labarin zai ƙare, har shi jagoran.

Duk wanda ya taɓa tashi daga zaman da ya yi armashi ya san ciwon da ke biyo baya. An yi dariya, an yi shiru, wani ya miƙe tsaye yana dafe da kai, sannan kowa ya tattara takardunsa ya kama hanya, babu abin da ya rage. Zaman wasa sau ɗaya yake faruwa, ga waɗanda ke wurin kaɗai. Bayan wata biyu ka tambayi su biyar ɗin yadda aka yi suka tsallake kogin nan, za ka ji labari biyar. Ga kuma dalili na aiki: ƙungiyar da ba ta haɗuwa sai bayan mako biyu tana manta sunan sarkin da ya yi mata alkawari da bashin da ake bin ta, wanda bai samu zuwa ba kuma yana bukatar ya san inda aka kwana. Don haka mai rubutawa hidima yake yi wa kowa, kuma ya cancanci godiya.

Matsalar tana farawa ne daga lokacin da ya zauna zai rubuta, domin a lokacin yana riƙe da abin da babu wanda ya riƙe a kan tebur. Ya san ƙarshe.

A ce an shafe zama uku ana shirin kutsawa fadar wani azzalumin sarki don a ƙwato takardar da za ta wanke wani bawan Allah da aka yi wa sharri. Ɓarauniyar ƙungiyar, wadda mai ita ta gina ta kacokan a kan ƙwarewar buɗe kwaɗo, ta durƙusa a bakin ƙofa. Jagora ya ce, "Jefa." Ta jefa, dayis ya tsaya a kan 1. Ko an haɗa da duk ƙwarewarta bai kai lambar da ake nema ba. Jagora ya ce ƙarfen ya karye a cikin kwaɗon, kuma ƙarar ta kai kunnen mai gadi. Tebur ya yi tsit. Mai jarumin takobi ya ce, "Shi ke nan, a fasa ƙofar kawai." Mai matsafi ya ce, "Dakata, ɗan'uwa, in ka fasa ta mun mutu gaba ɗayanmu." Sai wani da tun farkon zama bai ce uffan ba, mai taka rawar wani tsoho mai magani, ya ɗaga kai ya ce, "Ni zan fita in tare shi. Zan ce masa kirana aka yi, matar sarki ba ta da lafiya." Babu wanda ya shirya wannan. Jagoran ma bai taɓa tunanin sarkin yana da mata ba. Ya yi jim, ya ce, "To, jefa mu gani." Dayis ya ba da 17. Mai gadi ya rusuna ya raka tsohon zuwa ciki. Matar da minti biyar baya ba ta wanzu ba ta zama mutum mai suna da tarihi, har ta kai bayan zama biyu ita ce ta miƙa musu takardar da hannunta.

Yanzu ka je ka karanta yadda aka saba rubuta irin wannan dare. Ɓarauniya ta buɗe kwaɗo cikin ƙwarewarta kamar yadda ta saba. Ko kuma a ce da gangan ta karya ƙarfen don ta janyo mai gadi, wai shiri ne tun farko. An koma babi na biyu an dasa matar sarki tana leƙowa ta taga, don kada ta faɗo wa mai karatu daga sama. Tsoho mai magani ya samu layi ɗaya. Karatun ya yi santsi, babu tuntuɓe ko ɗaya, amma abin da ya sa daren ya cancanci a rubuta shi ya salwanta: ƙwararriya ta kasa a daidai inda ake bukatar ta, kuma wanda ba a sa rai da shi ba ya fitar da kowa kunya da ƙaryar da ya ƙirƙira nan take. Abin da aka bari a takarda labari ne da kowa zai iya zama shi kaɗai a ɗaki ya rubuta, kuma an rubuta dubunsa.

Lissafin dayis ɗin kansa yana nuna dalilin da ya sa nake ganin asara ce. Kowace fuska tana da kashi 5 cikin 100. Jarumin da yake bukatar 8 ko fiye don ya yi nasara yana da fuska 13 a gefensa, wato kashi 65 cikin 100. Sauran kashi 35 faɗuwa ce. Ke nan gwani a wannan duniya yana kasawa kusan sau ɗaya cikin uku a kan abin da ya ƙware a kai. Babu marubucin da ke zaune shi kaɗai da zai yarda ya yi wa jaruminsa haka. Zai tanadi faɗuwar ne zuwa wurin da za ta yi masa amfani, ya yi mata shimfiɗa, ya sa mai karatu ya hango ta tun daga nesa. Dayis ba ruwansa da wurin da ya dace. Yana kayar da jarumi a tsakiyar jawabinsa, yana ba matsoraci sa'ar da ta fi ƙarfinsa, yana kashe babban maƙiyin da jagora ya yi wata guda yana ginawa tun kafin ya buɗe baki. Daga nan mutanen tebur su yi ta faman nemo ma'ana a cikin abin da ya same su, kuma wannan faman shi ne abin da wannan nau'in labari ya mallaka wanda sauran ba su da shi. Wanda ya goge shi ya jefar da jarinsa.

A Japan an daɗe da gane haka. Can akwai nau'in rubutu mai zaman kansa, ana buga shi a mujallu da littattafai ana sayarwa, inda ake kawo zaman wasa kamar rubutun wasan kwaikwayo: sunan mai magana, abin da ya faɗa, lambar da dayis ya bayar, har da barkwancin da aka yi a gefe. Wanda ya fi yin suna shi ne Record of Lodoss War, da mujallar kwamfuta mai suna Comptiq ta fara bugawa kashi-kashi a 1986. Zaman Dungeons & Dragons ne na ƙungiyar Group SNE, Ryo Mizuno yana jagora. An yi shi ne don a nuna wa masu karatu yadda ake wasan, sai mutane suka kamu da son jaruman. Daga 1988 Mizuno ya fara mayar da shi littattafan labari, a 1990 kuma aka fara fitar da fim ɗinsa na zane. Ana tace irin wannan rubutu, ana datse shi, ana gyara jimloli, babu mai musun haka. Amma teburin yana nan a fili. Mai karatu yana bin labari biyu a lokaci guda: na jaruman da ke cikin kogo, da na mutanen da ke zaune suna gardamar ko a shiga kogon. Sau da yawa na biyun ne yake riƙe ni.

Za a ce mini ai manyan littattafai da dama sun fito daga teburin wasa, kuma babu dayis ko ɗaya a cikinsu. Gaskiya ne, kuma yana da kyau a duba yadda masu su suka yi. Steven Erikson da Ian C. Esslemont, 'yan Kanada, sun gina duniyar Malazan ne a farkon shekarun 1980 don su yi wasa a cikinta, da farko da dokokin Dungeons & Dragons, daga baya da na wani wasa irinsa mai suna GURPS. Littafin Erikson na farko a wannan duniya ya fito a 1999, jerin ya cika goma a 2011, shi ma Esslemont yana rubuta nasa littattafan a cikinta, domin tasu ce su biyu. George R. R. Martin ya jagoranci wasan Superworld da abokansa marubuta a Albuquerque, da suka ga lokacin da wasan yake cinye musu sai suka mayar da shi jerin Wild Cards daga 1987, kowa yana rubuta nasa jarumin, Martin yana edita. Daniel Abraham ya yi wasa a duniyar da Ty Franck ya tsara, ya ga zurfinta, suka haɗa hannu suka rubuta The Expanse daga 2011 da sunan alƙalami guda, James S. A. Corey. A jerin littattafan Dragonlance kuwa, wanda Margaret Weis da Tracy Hickman suka fara a 1984, marubutan da bakinsu suka sha faɗa cewa muryar raɗa-raɗa ta matsafin nan Raistlin daga wani abokinsu Terry Phillips ta fito, wanda ya taka shi haka a wani zaman wasa.

Abu biyu nake gani a duk waɗannan. Babu ɗayansu da ya miƙa wa mai karatu littafi ya ce ga abin da ya faru a teburinmu daren jiya. Sun ɗauki duniya da jarumai sun gina sabon abu, sun kira shi da sunansa, ƙagaggen labari. Sannan ba su haɗiye abokan tafiyarsu ba: an raba duniyar, ko an raba sunan, ko an ambaci wanda ya kawo muryar. In mutum yana son ya bi wannan hanya, ƙofa a buɗe take. Ya nemi yardar abokansa, ya sauya abin da ya ga dama, ya ce littafi ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ya tsaya a tsakiya, ya sa wa rubutun lambar zama da kwanan wata kamar rahoto, sannan ya yi masa kwaskwarima kamar ƙagagge, ya ci ribar duka biyun. Mai karatu na waje yana mamakin yadda dayis ya haifar da labari mai tsari haka, alhali dayis ba shi da hannu a ciki.

Kada a ɗauka ina cewa a kwashe komai a zuba a takarda. Datsewa dole ce, kuma yawancin rubutun da ke gundurar mutane rashin datsewa ne ya kashe su. A dokokin Dungeons & Dragons na yanzu, zagaye ɗaya na faɗa daƙiƙa 6 ne a cikin duniyar labarin. Faɗan da ya ci awa guda a kan tebur, zagaye biyar, rabin minti ne ga jaruman. Wanda ya bi shi sara bayan sara, ya kai masa, ya kauce, ya rama, ya sake kaucewa, ya rubuta shafi shida a kan rabin minti, kuma babu mai karanta shi har ƙarshe, ko waɗanda suka yi faɗan. A cikin awar nan wataƙila abu biyu ne suka faru da gaske: lokacin da wata ta bar maƙiyin da ke gabanta ta koma ta ɗauki abokinta da ya faɗi, da lokacin da aka yanke shawarar a gudu. A rubuta su, a tsallake sauran da jimla ɗaya. Cinikin igiya da fitila a kasuwa, gardamar doka ta minti ashirin, neman shafin da aka manta, duk a zubar. Iyakar da nake gani a sarari take: kana da ikon barin abin da ya faru a waje, ba ka da ikon shigo da abin da bai faru ba, ko juya sakamakon da dayis ya bayar, ko ɗauke aikin wani ka ba wani.

Wannan na ƙarshe shi ya fi yawa, kuma mai yin sa ba ya ma sanin yana yi. Marubuci ɗan wasa ne shi ma, yana da nasa jarumin, ya san abin da ke zuciyarsa a kowane lokaci domin shi ne zuciyar. Sauran jaruman kuwa daga waje yake ganin su. Sannu a hankali rubutun yana karkata: jaruminsa ne yake lura da tarkon, shi ne yake da dogon tunani a bakin wuta da dare, shi ne yake rufe babi da magana mai nauyi. Sauran su zama 'yan rakiya. Kuma tun da rubutu ya fi ƙwaƙwalwa daɗewa, bayan shekara guda abin da ke takarda shi ne tarihin ƙungiyar. Mai shirun nan da ya ceci kowa da ƙaryar matar sarki zai karanta ya ga kansa a layi ɗaya. Ba zai yi magana ba, da ma mai shiru ne. Amma a zama na gaba zai ƙara ja baya, domin an nuna masa a rubuce matsayin da aka ajiye shi.

Akwai kuma shiga zuciyar jarumin wani. Labari yana son a faɗi abin da mutum yake ji, don haka marubuci ya rubuta cewa matsafiyar ta ƙi kashe fursunan ne saboda ya tuna mata da ƙanenta da ya rasu. Jimla ce mai daɗi. Sai dai mai matsafiyar ba ta taɓa cewa tana da ƙane ba. Wataƙila dalilinta daban ne, wataƙila tana ɓoye shi ne don ta fito da shi nan da wata uku, wataƙila ita ma ba ta gama sanin sa ba. Yanzu an rubuta, kowa ya karanta, an yaba. Ko ta karɓi ƙanen da aka liƙa mata, ko ta tsaya ta ƙaryata abokinta a gaban jama'a. A wasan nan jagora yana da duniya gaba ɗaya, da sarakunanta da dodanninta da ruwan samanta. Abu ɗaya tak ɗan wasa ya mallaka, shi ne cikin jaruminsa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. In kana son ka san abin da ke ranta, ka tambaye ta, kuma sau da yawa amsar da za ta ba ka ta fi wadda za ka ƙirƙira. In ba ta amsa ba, ka rubuta abin da ido ya gani: ta ɗaga wuƙar, ta daɗe a haka, ta mayar da ita kube.

Haɗarin ya fi girma idan jagora ne da kansa yake rubutawa, kuma sau da yawa shi ne, domin shi ke da takardun. Da zarar ya samu masu karatu da ke jiran babi na gaba, sai ya fara zuwa tebur da babin a kansa. Ya san yana son a yi cin amana a zama na goma sha biyu, a ƙone gari a na goma sha biyar. 'Yan wasa suka ce za su bi ta teku, sai guguwa ta mayar da su. Suka ce za su yi sulhu da maƙiyi, sai maƙiyin ya ƙi ba tare da an jefa komai ba. Masu wasa suna da suna ga wannan hali, suna cewa an ɗora su a kan layin dogo, kuma suna gane shi da wuri ko ba su faɗa ba. Alamarsa ita ce su daina kawo shawara, su zauna suna jiran a gaya musu abin da ya faru. A nan rubutun ya cinye wasan da ya haife shi. Ni a ganina jagoran da ya ji kansa yana tunanin masu karatunsa a tsakiyar zama, gara ya miƙa alƙalamin ga wani na ɗan lokaci.

Hujja mafi ƙarfi da ake kawo mini ita ce Critical Role. Ƙungiya ce a Amurka ta masu ba jaruman fim ɗin zane murya, sun fara nuna wasansu kai tsaye a intanet a 2015, Matthew Mercer yana jagora. A 2019 suka nemi tallafin jama'a a Kickstarter don yin fim ɗin zane, aka tara musu fiye da dala miliyan 11, shirin ya fara fitowa a Prime Video a 2022. Kuma sun sauya abubuwa da yawa: sun haɗe aukuwa, sun juya tsari, sun ƙara abin da bai faru a tebur ba. To, in su sun yi, me zai hana ni? Amsata ita ce a dubi su wa suka yi sauyin. Mutanen da suka taka jaruman su ne masu kamfanin, suna cikin masu shirya fim ɗin, kuma su ne suka sake ba jaruman murya. Babu wanda aka sauya wa jarumi a bayan idonsa. Sannan asalin wasan yana nan a ajiye, kashi 115 na tafiyar farko, kowa yana iya komawa ya ga abin da dayis ya ce. Marubucin ƙaramar ƙungiya ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun. Shi kaɗai yake yanke hukunci, kuma rubutunsa shi kaɗai ne shaida.

Wani zai ce abin bai kai haka ba, wasa ne fa. Ni ban ɗauke shi ƙaramin abu ba. Mutane suna kawo kansu teburin nan fiye da yadda suke zato. Wanda ba ya iya ɗaga murya a wurin aiki yana taka jarumin da ke tsawata wa sarakuna. Wadda take cikin makoki tana taka wadda ke neman hanyar dawo da mamaci. Sun yi hakan ne a gaban mutum huɗu da suka yarda da su, a ɗaki mai rufe. Ɗaukar wannan a baza a intanet, ko da an sakaya sunaye, abu ne da ya kamata a nemi izini a kansa kafin a yi, kuma a nuna musu rubutun kafin duniya ta gani. In ɗaya ya ce a cire wani wuri, a cire, ko da shi ne wurin da ya fi kyau a babin.

Yanzu ma an samu sauƙi da ya zo da nasa haɗarin. Ana ajiye waya a tsakiyar tebur ta naɗi komai, a ba manhaja ta mayar da murya rubutu, har ta taƙaita. Naɗin yana da amfani, yana hana marubuci ƙara gishiri, yana tuna masa ainihin kalmomin da aka faɗa. Amma na'ura tana auna wanda ya fi yawan magana ne. Ba ta ji shirun da ya biyo bayan faɗowar 1 ɗin nan ba, ba ta ga hannun da ya tsaya cak a kan takarda ba, ba ta san cewa jimlar tsoho mai magani ita ce ta farko da mai shi ya furta cikin awa biyu ba. Wanda ya zauna a wurin ne kaɗai ya san nauyin kowace magana, shi ya sa har yanzu aikin nasa ne.

Hanyar da na fi gamsuwa da ita ita ce a riƙa karɓa-karɓa. Wannan zama ɓarauniya ta rubuta da bakin jarumarta, kamar wasiƙa ko littafin ajiye sirri, zama na gaba mai takobi ya rubuta da nasa. Kowa yana da 'yancin shiga zuciyar nasa yadda ya so, ya yi son kai, ya yi kuskuren fahimtar sauran, domin kowa ya san bakin wa ake ji. Rahotannin za su saɓa wa juna, ɓarauniya ta ce kwaɗon ne ya yi tsatsa, mai takobi ya ce hannunta ne ya yi rawa, kuma saɓanin yana ƙara wa labarin rai. Wani ba ya son rubutu, sai ya faɗa da baki a rubuta masa. Babin wani zai fito gajere, na wani ya yi tsawo, salon ba zai daidaita ba. Mai neman littafi mai murya ɗaya ba zai ji daɗinsa ba, kuma na yarda wannan farashi ne na gaske.

Inda ba a iya karɓa-karɓa, aka bar wa mutum ɗaya, akwai babi guda da nake ganin bai kamata ya rubuta shi kaɗai ba, wato ranar da jarumin wani ya mutu. A wasanni da yawa mutuwar tana zuwa ne ba shiri, a wani lungu marar muhimmanci, a hannun wani ƙaramin maƙiyi da ko suna ba shi da shi, bayan an yi shekara ana taka jarumin. Hannun marubuci zai yi ƙaiƙayi ya gyara ta, ya matsar da ita gaban babban maƙiyi, ya ba mamacin jawabin ban kwana. Ya bari tukuna. Ya je wurin mai jarumin ya tambaye shi yadda yake so a faɗe ta. Wani zai ce a ba shi kalma ta ƙarshe, ya kawo ta da kansa. Wani zai ce a bar ta yadda ta zo, a rubuta lambar da dayis ya bayar, a rubuta cewa mai magani yana taku goma daga wurin kuma bai iso ba.